Kwalbati Ba Na Mota Kaɗai Ba Ne

A kan ce hanya ita ce arzikin gari, kuma gaskiya ne. Manomi ba ya kai amfaninsa kasuwa sai da hanya, ɗan kasuwa ba ya kawo gishiri sai da ita. Amma akwai wani matafiyi wanda masu yin titi su kan mance da shi, watau kifi. Shi ma yana da tasa hanya, ita ce rafi. Duk inda titi ya ƙetare rafi, nan hanyoyin biyu suka gamu, in kuwa ba a kyautata kwalbatin wurin ba, sai mota ta wuce, kifi ya tsaya.

Abin da ya faru a Jihar Washinton, can arewa maso yammacin Amurka, ya isa misali. Akwai wani kifi a can wanda a ke kira salmon. A ƙananan rafuffuka a ke ƙyanƙyashe shi, sa'an nan ya gangara teku ya girma. In ya isa haihuwa sai ya juyo ya hau ruwa har rafin da aka haife shi, ya zuba ƙwai cikin tsakuwa, ya mutu. Ke nan in aka tare masa hanyar komowa, an kashe iri.

Yadda kwalbati ke tare kifi kuwa kashi uku ne. Wani ƙarami ne, ya kan matse ruwa har ya fita da ƙarfin da kifi ba ya iya kutsawa. Wani ruwa ya zaizaye ƙasar bakinsa, ya bar bututun a sama, kifi ya yi ta tsalle a banza. Wani kuma ruwan cikinsa bai kai zurfin da kifi zai yi iyo ba.

Mutanen asali na wannan ƙasa, waɗanda Turawa suka tarar, sun yi yarjejeniya da Gwamnatin Amurka a 1854 da 1855, suka ba da ƙasa bisa sharaɗin a bar musu sunsu. Da kifi ya ragu, a 2001 kabilu 21 suka kai jihar ƙara. A 2013 Alƙali Ricardo Martinez ya umurci jiha ta gyara ɗaruruwan kwalbatocinta, aka ba ta wa'adin manyan ayyukan zuwa 2030. Jiha ta ɗaukaka ƙara, amma a 2018 alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu huɗu da huɗu, hukunci ya zauna. Kuɗin gyaran ya kai biliyoyin dala. Da an yi aikin daidai tun fari, da ba a yi wannan hasara ba.

To, amma hukuncin nan kwalbatocin jiha kaɗai ya shafa. Na ƙananan hukumomi da na hanyoyin gonaki ba su ciki, ga shi kuwa kwalbati ɗaya tak in ya toshe, duk ruwan da ke bayansa ya zama kufai. A nan ne amfanin ƙungiyoyin taimakon jama'a ya fito. Tun 1990 majalisar jihar ta buɗe hanyar kafa ƙungiyoyin raya kifi na yanki yanki, guda 14. 'Yan sa kai su kan bi rafi da ƙafa su ƙidaya kifi, su rubuta inda ya ke tsayawa, su lallashi mai gona ya yarda a canja kwalbatinsa, su nemo kuɗin aikin, su dasa itatuwa a gaɓa, su kuma kai yaran makaranta su gani da ido. Ba su ne injiniyoyi ba, amma su suka san rafin.

Wani zai ce ƙungiya ta gina aji ko ta haƙa rijiya mana, ina ruwanta da kifi? Amsa ita ce kwalbatin da ya yi wa kifi kyau shi ne ya yi wa mota kyau. Irin wanda a ke yi yanzu ya fi rafin faɗi, an kuma shimfiɗa masa tsakuwa da yashi kamar gindin rafi, don haka ambaliya ta kan wuce da itace da shara ba ta cinye titi ba. Ƙaramin bututu kuwa shi ke toshewa, ruwa ya koma gonaki, hanya ta yanke, lori ya kwana da kaya.

Wannan magana ba ta Amurka kaɗai ba ce. A Arewacin Nijeriya tarwaɗa da karfasa su kan bi ruwan damina su shiga fadamu su hayayyafa, in ruwa ya janye su komo kogi. Masuntan Haɗejiya da Nguru sun ga abin da raguwar ambaliya ta jawo bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Madatsa aikin Gwamnati ne, amma kwalbatin hanyar ƙauye a gaban idon kowa ya ke.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin gari da na samari su sa wannan cikin ayyukansu. Kafin ruwa ya sauka su yi gayya su yashe kwalbatoci. Da damina su tafi da sarkin ruwa su duba inda kifi ke taruwa ya kasa wucewa, akawun ƙungiya ya rubuta, a kai wa ma'aikatar ayyuka. In za a yi sabuwar hanya kuwa, su yi magana tun ba a zuba siminti ba, gama bayan ya bushe sai a ce babu kuɗi.