Filin Kasuwa da Lissafi: Tuwona Maina Ba Ciniki Ba Ne

Wasiƙar da za mu amsa a wannan mako daga Potiskum ta fito, cikin Jihar Yobe. Mai ita ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce mahaifinsu ya rasu bara, ya bar sana'o'i biyar, kowace da rajistarta ta kamfani da akawunta: fataucin shanu, da manyan motoci, da gidan mai, da sarin hatsi, da wani babban kantin kayan masarufi. Kafin rasuwarsa marigayin ya tattara su duka ƙarƙashin wani kamfani guda wanda ba ya saye, ba ya sayarwa, aikinsa kawai riƙon hannun jarin sauran. Da aka zauna maganar gado, kowane akawu ya kawo littafinsa, kowa ya nuna riba, aka tara aka sami adadi mai faranta rai. Da aka leƙa banki da sito, ba a ga ko rabinsa ba. Yanzu 'yan uba suna hararar juna, ana zargin babban wa da yin sama da faɗi.

Malam mai wasiƙa, kafin ku kai ɗan'uwanku gaban alƙali, ku fara kai littattafan nan gaban akanta. Abin da ka kwatanta ya fi kama da kuskuren lissafi bisa ga sata, kuma kuskure ne da manyan kamfanonin duniya suka daɗe da yi wa magani.

Kamfanin nan da marigayi ya kafa a sama shi ake kira uwar kamfani, sauran biyar ɗin kuwa 'ya'yanta ne. Abin kamar gandu ne: kowane ɗa yana da gayaunarsa, amma maigida ne ke da magana ta ƙarshe. A idon doka kowane ɗa mutum ne mai zaman kansa, yana cin bashi, ana kai shi ƙara. Amma wanda yake son sanin ƙarfin gidan baki ɗaya ba zai san shi ta hanyar tara littattafai biyar ba, sai an fitar da lissafi guda wanda ya ɗauki gidan tamkar ɗan kasuwa ɗaya. Wannan shi ne haɗaɗɗen lissafi. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020, haka ma ta 1990 da ta gada, ta ɗora wa uwar kamfani nauyin fitar da shi. Tun daga 2012 kuma kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suke bin ƙa'idojin lissafi na duniya, waɗanda ake kira IFRS, ƙarƙashin kulawar hukumar da aka kafa da dokar 2011.

To, ina ribar taku ta shige? Bari mu buga misali da hatsi, adadin kuwa namu ne, don a gane kawai. A ce kamfanin sari ya sayi gero buhu 1,000 a kan naira 40,000 kowane buhu, ya sayar wa kantin gidanku a kan naira 50,000. Akawun sari zai rubuta ribar naira miliyan 10, kuma bai yi ƙarya ba. Shekara ta ƙare, kanti ya sayar da buhu 200 kaɗai ga mutanen gari a kan naira 52,000, shi ma akawunsa ya rubuta ribar naira 400,000. In aka tara, an sami miliyan 10 da dubu 400. Alhali kuwa buhu 800 suna nan jibge, sito kawai suka sauya, ko ƙofar gida ba su fita ba. Ribar da gidan ya ci a hannun bare ita ce naira 12,000 sau 200, watau miliyan 2 da dubu 400. Sauran miliyan 8 ɗin nan a takarda kurum suke. Haɗaɗɗen lissafi yakan soke su, ya mai da darajar buhunan da suka rage kan kuɗin da aka sayo su tun fari, har ranar da wani na waje zai zo ya biya.

Haka abin yake tsakanin sauran. Kowa ya san yadda karar Potiskum take cika ranar Laraba, da yadda tireloli suke jeruwa suna lodin shanu zuwa Kudu. Idan motar gidanku ce ta ɗauki shanun gidanku zuwa Legas, kuɗin motar ciniki ne a littafin motoci, kashewa ne a littafin shanu. A lissafin gida sai su cinye juna. Idan gidan manku ya ba motocinku gas bashi, akawun mai zai lissafa bashin cikin dukiyarsa, amma gida ba ya bin kansa bashi. Tuwona maina ke nan. Ni a ganina, in an bi wannan sawu, a nan za a tarar da yawancin kuɗin da kuke nema, ba a aljihun wanku ba.

Akwai kuma sharaɗin da akawuna suka fi rainawa, watau a auna kome da mudu ɗaya. In akawun motoci yana rage darajar tirela kowace shekara bisa lissafin za ta yi shekara biyar, akawun shanu kuwa ya bar tasa motar a littafi kamar jiya aka sayo ta, to, ba a iya tara su sai an daidaita. In wani yana rufe littafinsa a Disamba, wani sai bayan kaka, nan ma sai an daidaita. Ƙa'idar ba ta yarda tazarar ta wuce wata uku ba.

Sai tambaya mai wuya: wane ne ɗa, wane ne ba ɗa ba? Da can akan duba ko uwa tana da fiye da rabin hannun jari. Ƙa'idar da ta fara aiki a 2013, mai lamba 10, ta mai da hankali ga iko: wa yake naɗa shugabanni, wa yake yanke shawara kan harkokin da ke kawo kuɗi, wa riba ko hasara take komawa kansa. Dalilin tsanantawar ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Enron na Amurka, wanda ya durƙushe a 2001, ya riƙa ɓoye basussukansa a cikin wasu ƙananan kamfanoni da yake juyawa amma ba ya sa su a lissafinsa. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, don haka dole a san 'ya'yan kowace uwa.

Suna ma ba hujja ba ne. A 2012 kamfanin Tiger Brands na Afirka ta Kudu ya sayi kusan kashi 63 cikin ɗari na kamfanin fulawar Dangote. Mai sayen fulawa a kasuwa ya ci gaba da ganin sunan da ya sani a jikin buhu, amma tun daga ranar da iko ya sauya hannu, lissafin kamfanin a littafin mutanen Afirka ta Kudu yake shiga. Sun biya fiye da darajar injuna da gine-gine, domin suna da kasuwa su ma kuɗi ne. Wannan rarar, wadda za mu kira kuɗin suna, ƙa'ida ta ce a riƙa gwada ta kowace shekara, in ta zube a rubuta hasara. Haka kuwa aka yi, suka rubuta hasara mai yawa, a ƙarshen 2015 suka amince su mayar wa Dangote da kamfanin a kan dala ɗaya. A 2019 kuma aka sayar wa Olam.

Ka ambata a ƙarshen wasiƙarka cewa wani aminin mahaifinku yana da kashi 30 cikin ɗari a kamfanin motoci. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, da ma ka fara da ita. Tun da iko a hannunku yake, motocin duka za su shiga haɗaɗɗen lissafi, ba kashi 70 kaɗai ba, sa'an nan a ware rabonsa a layi na dabam, na jari da na riba, kada magada su raba abin da ba nasu ba. Amma fa a lura, soke cinikin cikin gida ba ya wanke zalunci. In motocin suna ɗaukar shanunku a kan rabin kuɗin da ake karɓa a tasha, ku ba ku yi hasarar kome ba, shi ne ake yanka a hankali. Saboda haka ne ake tilasta wa kowane kamfani ya bayyana cinikin da ya yi da danginsa a nasa lissafin.

Wani aibi na haɗaɗɗen lissafi, wanda ban cika jin akantoci suna faɗa ba, shi ne yana iya rufa wa rago asiri. Gida mai sana'o'i barkatai, ribar ɗaya sai ta lulluɓe hasarar ɗaya, jimla ta fito fes. Mu a Arewa muna da dalilin kula da wannan. Kamfanin NNDC na Kaduna, wanda asalinsa ya faro tun 1949, mallakin jihohin Arewa 19 ne, har da Yobe, kuma ya zuba jari a masaƙu da otal-otal da gidaje. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya cik a 2002. Talakan da aka ce yana da rabo a irin wannan gida ba jimla kaɗai yake bukatar gani ba, yana bukatar a ware masa kowane fanni, ya san wanda ke ciyar da gida da wanda ake ciyarwa. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari tilas ne su yi wannan warewa. Ban ga dalilin da zai hana a nemi haka daga duk inda aka zuba dukiyar jama'a ba, har kamfanin fulawa da abincin dabbobi na Jihar Yobe da na Sahel Aluminium da ke nan garinku.

Shawararmu gare ku ita ce ku dakatar da rabo tukuna. Ku nemi akanta mai lasisi wanda ba shi da dangantaka da ko ɗaya daga cikin ɗakunan gidan. A tsai da rana guda, a ƙirga buhu da sa da tirela da litar mai a wannan rana, kowane akawu ya rubuto abin da yake bin 'yan'uwansa kamfanoni da abin da suke bin sa. Inda adadin mai bi da na wanda ake bi suka saɓa, a nan za a fara bincike. A gayyaci aminin mahaifin naku ya zauna a wurin.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba wasiƙar wani mai gidan burodi daga Azare a kan bashin banki.