Su awa takwas, mu shekara huɗu

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Legas. Rubutun yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Waɗanda muke hostel ɗaya sun san a hutun semestar da ta wuce sashenmu ya kai mu Ghana, mu 'yan mastas na fannin harkar yawon buɗe ido. Ta mota muka bi: Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akra, har Cape Coast. Mu biyar ne 'yan Arewa a ajin, mu biyu kaɗai muka je. Tun da na dawo muke musu da sauran ukun, jiya da daddare ma a teburin mai shayi maganar ta sake tashi, har wani ɗan uwa ya ce min, "Kai dai ka je ka ga turawa suna ɓarnar kuɗi, ka dawo kana yi mana wa'azi." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta kwana a raina. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani da abin da na fahimta.

A rana ta uku aka kai mu gandun dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Muna shiga wajen ajiye motoci muka tarar da manyan bas-bas guda uku masu sanyi, turawa suna ta saukowa, yawancinsu tsofaffi. Kowa an manna masa 'yar takarda mai lamba a ƙirji, a gaban kowane rukuni kuma akwai ɗan jagora riƙe da allo mai irin wannan lambar. Na tambaya aka ce min fasinjojin jirgin ruwan yawon shaƙatawa ne, jirginsu ya tsaya a tashar Takoradi da asuba, da yamma kuma zai tashi.

Ga wanda bai san harkar ba, irin wannan jirgi otal ne a kan ruwa. A ciki ake kwana, a ciki ake cin abinci, da dare ya yi tafiya, gari ya waye masa a wata tashar. Masu bi ta gaɓar Afirka ta Yamma, yawanci a kan hanyarsu tsakanin Turai da Cape Town, sukan tsaya a Dakar, Banjul, Takoradi ko Tema, Lome da Kwatano. Ba kasafai suke tsayawa a Legas ba. Tun kafin a iso kowace tasha kamfanin jirgin yake sayar wa fasinjoji fitar yini ɗaya, an rubuta kuɗinta, awa nawa za ta ci, da ko mai wahala ce ko mai sauƙi. A Alaska a ɗauke su a helikwafta a sauke su a kan ƙanƙara. A Jamaika su riƙe hannun juna su hau duwatsun ruwan Dunn's River. A Ghana kuwa babbar hajar ita ce gadar igiya ta Kakum.

Gadar nan tun 1995 aka buɗe ta. Gadoji bakwai ne aka ɗaura daga wata doguwar bishiya zuwa wata, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, a wani wurin kuma tsakaninka da ƙasa ya kai mita 40. Abin takawa katako ne siriri wanda mutum biyu ba sa jerawa a kai, sai raga dama da hagu. Kafin ka isa ma sai ka hau tudu a cikin daji, zufa tana keto maka ta ko'ina. Ba zan ɓoye muku ba, a tsakiyar gada ta biyu ƙafafuna suka ƙi motsi. Gadar tana lilo, na leƙa ƙasa ban ga komai ba sai kan bishiyoyi, na ƙanƙame igiya ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Wata tsohuwa daga cikin fasinjojin tana bayana, kanta fari fat. Ta ce min, "Ɗana, daina kallon ƙasa, kalli bishiyar da ke gabanka ka nufe ta." Da muka sauka take gaya min shekararta 74. Ni da ban cika talatin ba, sa'ar kakata ce ta tsallakar da ni. Abokin tafiyata har yau bai daina tsokanata ba.

To, bari in fara da inda masu suka suke da gaskiya, don ba na son a ce na dawo ina yabon duk abin da bature ya yi.

Na farko, lokacin. Na zauna da ɗaya daga cikin 'yan jagorar, wani saurayi ɗan Ghana, ya nuna min takardar tsarin yininsu. Awa takwas ne daga sauka jirgi zuwa komawa. Daga Takoradi zuwa Kakum kusan awa biyu ne a mota, zuwa da dawowa awa huɗu sun tafi ke nan. Cire awa ɗaya na abincin rana. Ukun da suka rage ake rabawa tsakanin dajin da tsohon gidan bayi na Cape Coast, inda aka riƙa tsare mutane a kurkukun ƙarƙashin ƙasa kafin a loda su zuwa Amurka. Wurin da ya kamata mutum ya yini yana jimami, su agogo suke dubawa. Akwai giwaye a Kakum, amma da wannan hayaniyar da tsakar rana ko biri da wuya ka gani. Mutum zai koma ƙasarsu ya ce ya san Ghana, alhali rabin abin da ya gani ta gilashin mota ne.

Na biyu, kuɗin. Da yamma a cikin gari na tsaya wajen wani dattijo mai tsire, wanda a can suke kira cicinga. Bahaushen zango ne, ya ce kakansa fataucin goro ne ya kawo shi. Na ce, "Baba, yau kam an yi ciniki, na ga baƙi sun cika gari." Ya yi murmushi yana juya nama. "Ɗana, waɗannan ai raɓa ne, kafin rana ta yi zafi sun ɗauke. Cikinsu na jirgi ne. Ni hoto kawai suke ɗauka ta." Gaskiyarsa. Kamfanin jirgin ne yake karɓar kuɗin tun a teku, ya cire kasonsa, ya miƙa sauran ga kamfanin da ya yi kwangilar motoci da jagora. Otal ɗaya ake kai su cin abinci, shago ɗaya ko biyu ake tsayar da su sayen tsaraba. Gandun dajin yana samun kuɗin shiga, wanda na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, direba da ɗan jagora su samu na aikinsu, mai tsire da mai kwakwa kuwa sai kallo.

Duk wannan na yarda da shi. Inda na rabu da 'yan uwana shi ne cewar da suke yi wauta ce, wai mutum ya biya daloli don ya hau igiya.

Na tambayi ɗan jagorar nan me ya sa ba za su ɗauki tasi a bakin tasha ba, tunda ya fi araha nesa ba kusa ba. Ya ce ai jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa. In ka makara, za a bar maka fasfonka wajen wakilin kamfanin a tasha, ka san yadda za ka yi ka tarar da su a ƙasa ta gaba da kuɗin aljihunka. Wanda kuwa ya sayi fitar a cikin jirgi, in motarsu ta makara jirgin zai jira, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai shi. Saboda haka kamfanin da ke ƙasa ba ya wasa. Akwai mota ta ko-ta-kwana. Sun san inda za a tsaya a kama ruwa, sun san asibiti mafi kusa, ana ƙirga kawuna duk inda aka tsaya, kuma an bar rarar lokaci saboda cunkoso. Wannan tabbacin tsohuwar nan ta biya. Da shi mace mai shekara 74 ta shiga dajin ƙasar da ba ta san kowa ba, ta hau sama mita 40, ta koma ɗakinta kafin magariba hankalinta kwance. Dajin Allah ne ya yi shi, amma tsarin mutane ne suka zauna suka yi, kuma shi ake saya.

Yanzu mu dawo kanmu, don nan maganar take. Su awa takwas suke da shi, sun ga daji, sun ga gidan bayi, sun taka ƙasa. Mu fa? Mai digirin farko shekara huɗu yake yi a garin nan, in an haɗa da yajin aiki biyar. Rayuwarmu hostel, lakca, masallaci, ranar Asabar a leƙa Agege ko Idi-Araba a ci tuwo a ji Hausa, hutu ya zo a hau mota a tafi gida. Na san wanda ya gama ya tafi bai taɓa tsayawa a bakin teku ba. Ni kaina da nake wannan surutun, sai da na je Ghana na ji kunya, don a can wani malaminmu yake gaya mana gadar igiya ta cibiyar kare daji da ke Lekki mita 401 ce, ta fi ta Kakum tsawo, kuma tun 2015 take nan. Na ƙetare iyakar ƙasa uku don in hau abin da ke bayan ɗakina.

Abin da ya fi damuna ma shi ne in mun koma gida mu ne masana Kudu. A majalisa a tambaye ka, ka gyara zama ka ce ai Yarabawa kaza ne, ai Legas kaza ce. Ina ka san su? Ta tagar danfo? To mene ne bambancinka da fasinjan da ya ce ya san Ghana? Shi aƙalla yana da uzurin jirgi zai tashi ya bar shi.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, wani a cikinmu da ƙyar yake cin abinci sau biyu. Amma mu duba abin da ƙungiyarmu take kashewa a liyafar yaye ɗalibai da anko duk shekara, mu ga ko ba za a fitar da hayar bas ɗaya ba. Za a ce tsaro, iyayenmu sun ce mu kama kanmu a garin mutane. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ta nanata maganar tsari. Wanda ya fita shi kaɗai bai san hanya ba shi ne yake cikin haɗari. Mutum talatin da jerin sunaye, da direban da aka sani, da lokacin fita da na dawowa, da sanin hukumar makaranta, wani abu ne daban. Za a ce karatu muka zo yi. Haka ne, amma ai tun muna yara ake gaya mana tafiya mabuɗin ilimi ce.

Ga 'yan fanninmu kuwa, da masu karanta kasuwanci da labarin ƙasa, maganar ta abinci ce. Jirgin ruwa ba zai taɓa tsayawa a Bauchi ba, na sani. Amma baƙon da ya zo taro Abuja yana da yini ɗaya a hannu, ko wanda ya zo kallon hawan sallah a Kano ko Katsina, matsalarsa ɗaya ce da ta fasinjan jirgi: lokacinsa kaɗan ne, bai san kowa ba, kuma yana son ya tabbata zai dawo a kan kari. Muna da Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, muna da Gashaka Gumti, muna da dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata. Wa zai tsara wa baƙon nan yininsa? Wanda bai taɓa zama baƙo an zaga da shi ba, ta ina zai san abin da baƙo yake buƙata? Kuma in ɗan gida ne ya tsara, shi ne zai iya gyara kuskuren da na gani a Ghana, ya tsayar da motar a gaban mai tsire da mai dukanci, kuɗin ya sauka a unguwa.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a ware rana ɗaya duk semesta. A fara da Lekki tunda kusa ne: Asabar ta farko bayan jarrabawa, a fita ƙarfe bakwai na safe kafin hanya ta cushe, a yi azahar a can, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. 'Yan uwa mata su zaɓi wadda za ta jagorance su, a ware musu kujerunsu. Wanda ba shi da hali a rufa masa asiri daga asusu, ba sai an faɗi sunansa ba. In ta yi kyau, semesta ta gaba mu hau jirgin ƙasa zuwa Abeokuta mu ga dutsen Olumo, ko mu je Badagry. Ni na ɗauki nauyin rubuta tsarin da neman mota, tunda shi nake karantawa.

Shi kuma ɗan uwana na teburin mai shayi, kujerar gaba taka ce, kuma kai za ka fara hawa gadar. In ƙafafunka suka ƙi motsi a tsakiya, ina bayanka, na san abin da zan gaya maka.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya mayar da mu gida lafiya.