Taransifoma Takan Yi Kuka Kafin Ta Ƙone

Ga ni kuma a ɗan filin da Edita ya saba ba ni.

Kowa ya sani mace ba ta biyan kuɗin tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta, gama tsaga takan ɓuya wa ido, amma ba ta ɓuya wa kunne. To, haka masanan lantarki su ke yi wa taransifoma. A cikinta akwai wayoyi naɗe da takarda, an tsoma su cikin mai, don wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000 kada ta bar hanyarta. In takardar ta tsufa, ko ruwa ya shiga man, sai ƙananan tartsatsi su riƙa tashi a wurin. Wuta ba ta ɗaukewa tukuna, amma tartsatsin na cin takardar kaɗan kaɗan, wata da watanni, har ran da za ta ƙone.

Kowane tartsatsi da ƙararsa. Wahalar ita ce, kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a sakan ɗaya, yawancin ƙarar nan kuwa ta fi haka. Shi ya sa aka ƙera na'urar saurare. In tangaran da ke kan turakun waya za a duba, akan saurara wajen kaɗawa 40,000, sa'an nan na'urar ta sauko da sautin yadda ma'aikaci zai ji shi kamar ana suya. In cikin tanki ne, sai a manna 'yan kunnuwa huɗu ko fiye a jikin ƙarfen. Sauti na tafiyar mita wajen 1,400 a sakan cikin mai. Kunnen da ya fi kusa shi ke riga ji, daga bambancin lokacin kuwa a lissafa inda cutar ta ke. Duk wannan ba a kashe wuta ba, ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba!

Kada a ruɗe da gurnanin da ta ke yi dare da rana. Wannan na ƙarfen cikinta ne, ba ciwo ba.

Abin da ya kawo maganar, bara ta unguwarmu ta yi mako biyu tana ƙara tas-tas. Dukanmu mun ji, har da ni mai wannan surutu, ba wanda ya kai magana. Ashe in har kunne ya ji ba da na'ura ba, ɓarna ta riga ta yi nisa. Ta ƙone, muka yi wata uku cikin duhu, aka bi gida gida ana karo-karo.

Ƙurar hunturu takan kwanta a kan tangaran, yayyafin fari ya jiƙa ta, wuta ta sami hanyar tsallakewa. Saboda haka ina roƙon masu kula da lantarki su zaga da na'urar nan tun kafin damina. Malaman makaranta kuma ku hori yara kada su matsa kusa. Wanda ya ji baƙuwar ƙara ya kai rahoto ofis a rubuce, da kwanan wata, ya kuma ajiye kwafi.

Naku,
Wani Akawu