Jirgin Anjali da motar Anka

Duk wanda ya taso da kallon Indiya ba sai an ba shi labarin tashar jirgin ƙasan nan ta cikin Kuch Kuch Hota Hai ba. Fim ne na 1998, na farko da Karan Johar ya ba da umarni. Anjali (Kajol) ta gano cewa abokin ta Rahul (Shah Rukh Khan) Tina ya ke so, ba ita ba, sai ta tattara ya-nata-ya-nata ta bar kwaleji ana tsakiyar karatu. Jirgi ya tashi, ta sakar wa Tina jan gyalen ta. Kaset ɗin nan ya sha yawo daga ɗakin wannan amarya zuwa na waccan, ya kuma sa an sha kuka.

To amma fa Indiyawa sun yi wa 'yan kallo wayo. Cikin ƙiftawar ido shekara takwas ta wuce, Tina ta rasu ta bar wa 'yar ta wasiƙu takwas, Anjali kuwa ta na nan ba ta yi aure ba. Ranar ɗaurin aure ma angon, Aman (Salman Khan), da kan sa ya janye ya bar wa Rahul. Wai ina ake samun irin wannan angon?

A sauko gida. A ɗauki saurayi ɗan Bukkuyum da budurwa 'yar Anka da su ka haɗu a Abdu Gusau Polytechnic ta Talatar Mafara. Shekara biyu su na aji ɗaya, ya na kama mata wurin zama, ta na ara masa handawut. Babu kishiya, babu mugun attajiri. Abin da zai raba su lissafi ne kawai. An gama ND, shi sai ya yi shekara guda ta koyon aiki, ya dawo ya yi biyu a HND, ya ƙara guda ta bautar ƙasa. Huɗu kenan, kafin ma ya fara yawo da takardu neman aiki. Ita kuma ta na isa gida za ta tarar an daɗe da fara maganar ta. Sa'o'in ta sun haihu, ga ƙanne mata biyu sun taso, Baba kuma ya gaji da cewa manema "sai ta gama karatu". Yanzu ta gama.

Ko ziyarar da za ta riƙe soyayyar ba ta da sauƙi, don hanyoyin yankin sun sha fama da 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a duk faɗin Zamfara na tsawon makonni. Masoyan da su ka dogara da kiran dare sai haƙuri.

Wannan labari ne da furodusoshin Kano ba su cika taɓawa ba. A yawancin finafinan Hausa makaranta wurin rawa da waƙa ce: jarumi ya rungumi littafi ɗaya, jaruma ta rataya jaka, babu lacca, babu jarabawa, babu kuɗin rajista. Ali Nuhu ya ɗan matso kusa a Mansoor (2017), inda soyayyar Umar M. Shareef da Maryam Yahaya ta faro daga makaranta, sai dai daga baya labarin ya karkata zuwa ga neman mahaifi.

Alhali fim ɗin ba ya buƙatar jirgin ƙasa ko dusar ƙanƙara. Tashar mota ta isa. An gama jarabawar ƙarshe, ya ɗauko mata akwati da katifa har bakin motar Anka, ya biya mata kuɗin mota da abin da ya rage masa na abinci. Ta ce, "Yaushe za ka turo?" Ya buɗe baki kenan, ɗan kamasho ya bubbuga mota ya ce saura mutum ɗaya.