Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Shiga

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ƙarya da ta daɗe tana yawo a ofisoshi da zaurukan ƙasar nan, lokaci kuwa ya yi da za mu tone ta. Wai ciwon sukari cutar manya ce, alamar hutu da samun wuri. Da zarar ma'aikaci ya sami mota da kujera mai juyawa, tumbi ya turo riga, sai a ce Alhaji ya murje, kuɗi sun zauna. In likita ya ce sukarinsa ya hau, sai ya ba da labari a majalisa yana murmushi, kamar wanda aka ba lambar girma. Alhali kuwa wannan cuta ba ta zuwa ita kaɗai. Kowa ya san tana taɓa ido da ƙoda da ƙafa. Abin da ba a gaya wa jama'a shi ne tana buɗe wa ciwon daji ƙofa.

Ba mu muka ƙago wannan magana ba. A shekarar 2010, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka da takwararta ta Ciwon Daji suka tara masana, suka fitar da rahoto guda. Suka nuna cewa mai ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, haɗarinsa na kamuwa da dajin hanta, da na cikin mahaifa, da na fankiriyas, wato halittar nan mai samar da insulin, ya kai ninki biyu. A dajin babban hanji da na mama da na mafitsara kuwa, ƙarin yana tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. A shekarar 2021 wani bincike ya nuna cewa a Ingila ciwon daji ya riga ya zarce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini wajen kashe masu ciwon sukari.

To, ina haɗin biri da gada? Aikin insulin shi ne shigar da sukari daga jini zuwa ƙwayoyin halittar jiki. Idan kitse ya yi yawa, musamman na ciki, sai jiki ya daina jin insulin, fankiriyas kuwa ta yi ta ƙaro shi shekara da shekaru. Shi kuwa insulin yana kuma zuga ƙwayoyin halitta su yi ta rabuwa suna yaɗuwa, ciwon daji kuwa ba wani abu ba ne illa rabuwar da ta ƙi tsayawa. Ga kumburin ɓoye da kitse ke haddasawa, ga kuma sinadarin mata da kitse ke ƙarawa a jini, wanda ke tunzura mahaifa da mama. Ƙiba da zaman wuri ɗaya da taba su ne gonar da cututtukan biyu ke tsirowa. Ba mu ce duk mai ciwon sukari zai kamu da daji ba. Mun ce dai bango ya tsage.

Mu nan abin ya fi tsanani. Ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a cikinmu, shi ne kuma babban mai jawo dajin hanta. Ka ɗora ciwon sukari a kan hantar da ta riga ta jigata, ka ga an yi gobara daga kogi. Sa'an nan Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu cutar a Afirka ba su ma san suna da ita ba. Wanda bai san da ta farko ba, yaushe zai nemi ta biyu? Likitoci sun san cewa sukarin da ya bayyana kwatsam ga wanda ya haura shekara 50, tare da rama ba dalili, wani lokaci shi ne ɗan aiken dajin fankiriyas. Wa ya taɓa gaya wa iyayenmu haka?

Laifin wa? A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 a ɗora wa lemon kwalba harajin da zai ƙara farashinsa da kashi 20 cikin ɗari. Me dokar kuɗi ta 2021 ta sa? Naira 10 a kan lita! Wannan haraji ne ko wasan yara? Gwangwani guda na irin lemon nan yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, alhali hukumar ta ce ya fi kyau babban mutum kada ya wuce 25 a yini. Da shi ake buɗe taro, da shi ake tarbar baƙo, da shi ake shan ruwa da azumi. A bakin tasha kuma ga mai lasifika yana rantsuwa cewa ƙulli ɗaya na garinsa zai kashe sukari da daji baki ɗaya, babu mai ce masa kanzil.

Saboda haka muna kira da babbar murya. Asibitin jami'a ya riƙa auna sukari da hanta ga kowane ɗalibi da ma'aikaci, a yi wa wanda ya dace allurar rigakafin ciwon hanta. Duk inda ake duba masu sukari, a riƙa duba maman mata, a tambayi kowa ko yana ganin jini a bayan gida, a tambayi wadda ta daina al'ada ko jini ya dawo mata. A ƙara harajin lemo, a zuba kuɗin a asibitoci. Mu kuwa da za mu hau kujerun nan gobe, mu taka ƙasa da ƙafafunmu, mu rage zaƙi, mu bar taba. Wanda ya tafi hutu ya kama hannun mahaifinsa da mahaifiyarsa ya kai su awo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.