Tsaigumi (jirgi mara matuƙi)

Tsaigumi jirgin leƙen asiri ne mara matuƙi, mallakar Rundunar Sojin Saman Najeriya. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da shi a Kaduna ranar 15 ga Fabrairu, 2018. Injiniyoyin rundunar suka ƙera shi tare da kamfanin UAVision na ƙasar Portugal. Sunan daga kalmar tsegumi yake, domin aikinsa shi ne ya gano, ya kawo labari.

Tarihi

A birnin Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a shekarar 1925, amma ƙera shi a gida ya daɗe bai samu ba. A Disamba 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Gulma, jirgin gwaji mara matuƙi, a Kaduna. Tsaigumi ne ya biyo baya. A cewar rundunar, yana iya yin sama da awa 10 yana shawagi, ya kai tsayin ƙafa 15,000, ya yi aiki a nisan kilomita 100.

Inji da sarrafa shi

Tsaigumi ƙaramin jirgi ne mai farfela. Manyan takwarorinsa, kamar Global Hawk na Amurka, da injin jet suke tashi. A irin wannan inji kwamfuta guda ce ke daidaita mai da gudu da zafi, kuma kowace na'urar awo da wayarta zuwa gare ta. Yanzu masu bincike na ƙoƙarin rarraba aikin ga ƙananan kwamfutoci a sassan injin, suna musayar bayanai ta layi ɗaya, tare da sa wa famfon mai motar lantarki. Hakan yana rage nauyin wayoyi, kuma jirgi mara nauyi ya fi daɗewa a sama. Babban cikas shi ne zafi, domin kayan lantarki na yau da kullum ba sa jure zama a jikin inji.

Muhawara

Duk da ƙera Tsaigumi, jirage marasa matuƙa masu ɗaukar makamai da Najeriya ke amfani da su sayo su ake yi, kamar CH-3 da Wing Loong II daga Sin, da Bayraktar TB2 daga Turkiyya. Ƙasar da ba ta ƙera inji da kwamfutarsa ba dole ta jira mai sayarwa wajen gyara da kayan canji.

Sai kuma batun wanda ke ba da umarni. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi mara matuƙi na Rundunar Sojin Ƙasa ya kai hari kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar NEMA ta ce aƙalla mutum 85 sun rasu, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Tun daga nan ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ciki har da Amnesty International, suke neman a bayyana yadda ake tantance wuri kafin a kai hari, da wanda zai ɗauki alhaki idan an kashe farar hula.