A Dawo Mana da Randa

Da aka ce kowa ya kawo abin da za a sa cikin ɗan littafinmu na bana, sai na ce ni kam maganar ruwa zan yi, saboda abin da na gani da idona a bazarar da ta wuce.

Wata ranar Talata ce cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe 3 da rabi. Muna tsakiyar hadda sai wata ƴar ajinmu ta ce kanta yana juyawa. Kafin Malama ta iso wurinta har ta zube. Jikinta zafi rau, leɓɓanta sun bushe. Aka kai ta inuwa, aka jiƙa mata jiki, aka sa ta a adaidaita sai likita. Can aka ce ruwan jikinta ne ya yi ƙasa, rana kuma ta buge ta, sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Ashe tun safe ba abin da ya shiga cikinta sai lemun ƙanƙara na dala biyar. Ta taso daga lakwal da tsakar rana, ta yi wanke-wanke a gida, ta tako da ƙafa zuwa madarasa. Alhamdu lillahi ta warke. To amma mu nawa ne muke yin irin wannan kullum?

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Jiki yana fitar da zufa ne don ya huce, zufar kuwa ruwa ce da gishiri. In ana fitarwa ba a mayarwa, sai ciwon kai, kasala da jiri su biyo baya. Karatu ma ba ya zama. Ka yi ta maimaita layi ɗaya ya ƙi shiga, ka ɗauka ƙwaƙwalwarka ce ba ta ja, alhali ƙishirwa ce. Akwai alama mai sauƙi da kowa zai iya dubawa: in fitsarinka ya yi duhu kuma ya ƙaranta, jikinka na neman ruwa. Kada ka jira sai maƙogwaro ya bushe.

Ra'ayina shi ne a ajiye randa a ƙofar kowane aji. Da can akwai guda a bakin ajinmu, ta fashe, ba a sake sawo wata ba. Tun daga nan mai kuɗi ya sayi ƙanƙara a bakin ƙofa, maras kuɗi ya haɗiye miyau har a tashi.

Ni ban ce ruwan sanyi laifi ne ba. Wallahi ni ma ina son shi. Amma ɗan ƙullin lemun nan bai kai rabin kofi ba, sukari da kala ne suka fi yawa a ciki, kana gama tsotsa ƙishirwa ta dawo. Kuma ba ka san da wane ruwa aka haɗa shi ba, don daskarewa ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta. Ita kuwa randa ba ruwanta da kurau, a kawo ko a ɗauke. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Yadda zufa ke sanyaya mu, haka randa ke sanyaya ruwanta. Shi ya sa kakata take girke tata a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan jiƙaƙƙen rairayi. Ga Mirya nan kusa da mu, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane, ba sai mun je nesa ba.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, ruwa wuya yake yi a garin nan, balle da bazara, wa zai riƙa cikawa? Gaskiya ne. Amma in kowane ɗalibi ya ajiye kuɗin ƙanƙara na rana ɗaya tak a mako, ya isa a sayi bido daga wurin ƴan ga-ruwa. Mu kuma mu raba aiki, yau waɗannan su wanke su cika, gobe waɗancan.

Na biyu, za a ce moɗa ɗaya baki arba'in, ai cuta za a raba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Maganinta a sa wa randar murfi, a rataya ludayi mai dogon hannu na ɗiba kawai, kowa ya zo da kofinsa ko gorarsa. Ba mai kafa baki a ludayi, ba mai tsoma hannu. In ba a yarda da tsabtar ruwan ba, a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa da ake samu a farmasi.

Na uku, ƴanmatan ajinmu za su ce ƙauyanci ne. To ƴar'uwa, da ƙauyanci da kwanciya a gadon likita da allura a hannu, wanne kika zaɓa?

Bayan ruwa, sauran maganin bazara duk yana cikin gidajenmu. Kunun tsamiya, zoɓo ba da sukari mai yawa ba, fura da nono, ruwan garin ɗan kuka, kankana, gurji da mangwaro da ke nuna daidai wannan lokaci. A dai wanke kafin a ci, kuma a kiyayi kankanar da aka yanka aka bari a buɗe ƙudaje na bi. Abinci ma saurin lalacewa yake da zafi, wanda ya kwana a ɗumama shi sosai. Tufafi kuma a sa na auduga, masu haske, masu walawa. Mu mata, hijabin roba mai duhu da tsakar rana azaba ce muke ɗora wa kanmu. Maza ku bar buga ƙwallo tsakanin sha biyu da la'asar, ku ɗan kishingiɗa a inuwar dogonyaro, filin ba gudu zai yi ba. Wanda haɓo ya kama, kada ya ɗaga kai sama, jinin zai koma maƙogwaro. Ya zauna ya ɗan sunkuyar da kai, ya matse hancinsa minti 10.

Iyayenmu mata, in zawo ya kama yaro, a ba shi garin SRO na likita. In babu a kusa, a samu ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a dama a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kafin a isa likita. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa ya ishe shi, uwar ce za ta ƙara shan ruwa.

Sai dai maganin gida yana da iyaka. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa. A kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a garzaya da shi likita. Haka in aka ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuya ya sanƙare, mutum ba ya son haske, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Wannan lokacin sanƙarau ne. A 2015 sai da aka rufe makarantu a Yamai saboda shi, ya kashe sama da mutum 500 a Nijar. A ƙarshen 2022 ma ya ɓulla a nan jahar Damagaram. Ciwo ne da ke iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ya bar yaro da kurumta. In ƴan rigakafi sun zo unguwa, mu fito a yi mana.

Roƙona ga hukumar makaranta da iyayenmu shi ne kafin Maris mai zuwa kowane aji ya samu randarsa da murfi da ludayi. Ni da ƙawayena uku mun ɗauki nauyin wanke ta ajinmu a watan farko. Saura ku, ƴan sauran azuzuwa.

Inda na yi kuskure a gyara mini, ɗaliba ce ni. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kawo damina mai albarka. Wassalamu alaikum.